Ido Ya Haddace, Hannu Bai Iya Ba: Nazari a Kan Wani Mai Koyon Yankan Agashe a Gadarif

Lamarin da wannan nazari ya ƙunsa ƙarami ne a ido: wani saurayi ɗan shekara 16, wanda ya tashi a gindin tukubar kawunsa tun yana ƙarami, aka miƙa masa wuƙa ya yanka naman agashe, wato irin tsiren Sudan, sai ya kasa. Abin da ya sa ya cancanci a tsaya a kansa shi ne irin kasawar, domin bai kasa kamar baƙon da bai taɓa ganin aikin ba. Wasu sassan aikin ya kawo su cif, har da waɗanda ba su da wani amfani, wasu kuma ya rasa su ɗungurungum, kuma iyakar da ta raba waɗannan da waɗancan ta faɗi daidai inda binciken masana ƙwaƙwalwa ya nuna cewa kallo yana tsayawa.

Asalin lamarin

Hausawa sun daɗe a Sudan. Hanyar aikin hajji ta ƙasa ce ta fara zube su a garuruwan da ke tsakanin Darfur da Bahar Maliya, sannan bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno suka kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, daga baya kuma gandun auduga na Jazira, wanda aka buɗe a 1925, ya jawo wasu masu yawa. Cikin sana'o'in da suka zo da su babu wadda ta shiga bakin mutanen ƙasar kamar agashe, wato naman da ake yankawa fale-fale, a soke shi a tsinke, a birkiɗa shi a garin ƙuli da yaji, a jera shi kewaye da garwashi, sannan a miƙa shi da albasa da lemun tsami.

Kawun yaron ya yi shekaru yana wannan sana'a a Wad Madani, babban birnin yankin Jazira. Yana da babban mataimaki wanda suke raba yanka da shi, shi kuwa ɗan ƙanwarsa aikinsa yanka albasa, fifita wuta, wanke faranti da kai wa masu saye, sai da ya ɗan tasa aka yarda masa ya riƙa birkiɗa nama a ƙuli. Wannan tsari ba Hausawa kaɗai ke da shi ba. Jean Lave, wadda ta zauna da telolin Laberiya a shekarun 1970, ta tarar cewa mai koyo daga ƙarshen aiki yake farawa, wato sa maɓalli da kalmasa da guga, sai ɗinki, sai a ƙarshe a ba shi almakashi, saboda kuskuren yanka shi ne mai tsada. Haka wuƙa take a wurin mai agashe.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, mutanen garin suka watsu zuwa Sinnar da Gadarif da Kasala. Iyalin nan Gadarif suka nufa, mataimakin kuwa ya wuce Fot Sudan da nasa iyalin. Da kawun ya sake kafa tukuba a sabon wuri, sai ya ga ba zai iya yanka da gashi da karɓar kuɗi shi kaɗai ba, ga shi babu halin ɗaukar ƙwararre. Ya tambayi yaron ko zai iya riƙe wuƙa, yaron ya amsa ba tare da wata shakka ba: "Kawu, ai na iya, kullum a gabana ake yi."

Ga yadda yankan yake ga wanda bai taɓa tsayawa ya duba ba. Mai yanka yakan ɗora curin tsoka a kan katako, ya shimfiɗa tafin hannun hagu a kansa, ya shigar da wuƙa a kwance ta ƙarƙashin tafin, yana janta gaba da baya yana buɗe naman kamar mai warware rawani, har curin ya koma shimfiɗa guda mai kauri ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Daidaiton kaurin nan shi ne sana'ar baki ɗaya, domin idan wani gefe ya fi wani, siririn zai ƙone kafin mai kaurin ya gasu, kuma yawan tsinken da kilo guda zai fitar shi ne ribar ranar.

Yaron ya kawo jerin matakan ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba. Ya wasa wuƙa, ya cire tantani da jijiya, ya juya curin ya nemo inda zaren naman ya nufa, ya yi bisimilla. Sannan ya ƙwanƙwasa bayan wuƙar a katako sau biyu, ya ɗaga gwiwar hannun dama sama, ya miƙar da ƙaramin yatsansa waje ɗaya daga ƙotar, duk kamar yadda kawun yake yi. Abin da ya fito daga ƙarƙashin hannunsa kuwa nama ne mai tudu da kwari, wani wuri ya huje, wani wuri bai buɗe ba, kuma kafin mako ya ƙare ya yanke kansa a gindin tafin hagu. Kawun ya ɗauki abin a matsayin sakaci, har ya ce masa: "Ɗana, ashe duk shekarun nan idonka na kan masu wucewa?" Mahaifiyar yaron ta ce gajen haƙurin yayanta ne yake ruɗa shi. A ganina dukansu biyu ba su faɗa kan dalilin ba, domin wanda bai kula ba ba zai kawo har miƙewar ƙaramin yatsa ba.

Abin da kallo ya ba shi

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta kallon motsin mutum kamar yadda take kallon motsin ganye ko na ruwa. A 1973 Gunnar Johansson na jami'ar Uppsala a Siwidin ya maƙala wa mutane ƙananan fitilu a gaɓoɓinsu ya ɗauke su a cikin duhu. Idan mutumin yana tsaye cik, masu kallo ɗigo-ɗigon haske kawai suke gani, amma da zarar ya ɗaga ƙafa sai su ce ga mutum nan yana tafiya. Akwai wani yanki a gefen ƙwaƙwalwa, daura da saman kunne, wanda ya ƙware wajen tantance irin wannan motsi na mai rai, kuma daga can saƙon yakan wuce zuwa sassan da ke sama da gaba, waɗanda su ne mutum yake amfani da su idan zai shirya nasa motsin.

Wannan wucewa ta ƙarshe ita ce abin da aka gano a jami'ar Parma ta Italiya, a ɗakin binciken Giacomo Rizzolatti. Suna auna ƙwayoyin jijiya ɗaya bayan ɗaya a sashen shirya motsin hannu na birin makak, sai suka lura cewa wasu ƙwayoyin da ke aiki idan birin ya kai hannu ya ɗauki abinci suna kuma aiki idan yana zaune yana kallon mutum ya ɗauka. Sun fara ba da rahoton haka a 1992, a 1996 kuma suka raɗa musu suna ƙwayoyin madubi. Cikin ƙwayoyi 532 da suka auna, 92 ne suka nuna wannan hali. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun ƙara fito da abin fili. A 2001 an nuna cewa wasu daga cikinsu suna aiki ko da an kare ƙarshen motsin da allo, muddin birin ya san akwai abu a bayan allon, a 2002 kuma aka sami waɗanda ƙarar fasa gyaɗa kaɗai take tayar da su. A ɗan Adam, Luciano Fadiga ya nuna a 1995 cewa hanyar da ke kai umarni ga tsokokin hannu takan ƙara zama cikin shiri yayin da mutum yake kallon wani yana kama abu, sannan a 2010 likitoci a Los Anjalas suka auna ƙwayoyi 1,177 a ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya 21 da ake shirin yi wa tiyata, suka tarar da wasu masu aiki a lokacin yi da lokacin kallo.

Amfanin wannan tsari na farko shi ne hasashe. Randall Flanagan da Roland Johansson sun bi motsin idon mutane a 2003 yayin da suke kallon wani yana ɗora ƙananan katakai a kan juna, suka ga idon mai kallo ba ya bin hannu a baya, yakan riga shi isa inda zai sauka, daidai da yadda idon mai aikin kansa yake yi. Haka yaron nan yake a gindin tukuba. Tun kafin kawun ya miƙa hannu ya san tsinke zai nema ko gishiri, ko yana bayan rumfa yana wanke-wanke yakan gane daga ƙarar wuƙa cewa an kusa gama curi, sai ya kawo tire. Saboda haka da ya ce ya iya, ba ƙarya ya yi ba, ba kuma cika baki ba ne. Abin da yake ji a ransa ya faɗa, domin ƙwaƙwalwar da take iya faɗin abin da zai biyo baya a kowane mataki ba ta da wata alama da za ta nuna mata cewa sanin nan bai kai yatsu ba.

An gwada wannan ruɗi kai tsaye. A 2018 Michael Kardas da Ed O'Brien na jami'ar Cikago sun sa wasu mutane kallon bidiyon gwanin jefa ƙananan kibau a allo sau ɗaya, wasu kuma sau 20. Waɗanda suka kalla sau 20 sun fi yarda cewa za su ci maki mai yawa, amma da aka miƙa musu kibau ba su fi sauran ba. Abin da ya rage musu wannan zato, a wani gwajin na jujjuya sanduna a iska, shi ne a sa musu sandunan a hannu su ji nauyinsu. Duk mai tara bidiyon koyon ɗinki ko gyaran waya a Facebook yana jin ya kusa buɗe shago zai gane kansa a nan.

Abin da ya kwafa ba bisa buƙata ba

Ƙwanƙwasa wuƙa sau biyu al'adar hannun kawun ce kawai, shi kansa bai san yana yi ba sai da aka faɗa masa. Ƙaramin yatsan kuwa tsohon yanka ne ya sandarar da shi tun yana saurayi, ba ya lanƙwasuwa, kuma rashin ƙarfin riƙon da hakan ya jawo shi ne ya sa yake ɗaga gwiwar hannu don ya sami nauyin da zai danna. Wato yaro mai lafiyayyun yatsu biyar ya ɗauki dabarar da mai yatsu huɗu ya ƙirƙiro wa kansa, ya mayar da ita ƙa'idar sana'a, kuma ita ce take karkatar masa da bakin wuƙa ƙasa har naman ya riƙa hujewa.

Wannan ma hali ne sananne. A 2005 Victoria Horner da Andrew Whiten sun nuna wa birai cimfanzi a tsibirin Ngamba na Yuganda, da kuma yara 'yan shekara 3 zuwa 4, yadda ake ciro lada daga wani akwati. Mai nunin yakan fara da tsokana sanda ta wani rami a sama, abin da ba ya buɗe komai, sannan ya je ga ƙofar gaskiya. Da akwatin yake baƙi, ba a ganin cikinsa, birai da yara duk sun kwafi matakan gaba ɗaya. Da aka kawo akwati garai-garai wanda kowa yake ganin ramin sama aikin banza ne, birai suka watsar da shi suka tafi kai tsaye ga ƙofar, yaran kuwa suka ci gaba da tsokana. An maimaita irin gwajin a 2010 da yaran Kalahari a kudancin Afirka, aka sami abu ɗaya.

Mai karatu zai iya cewa to ai biri ya fi yaro wayo ke nan, amma ban ga haka ba. Yawancin abin da ɗan Adam yake gada daga magabata dalilinsa a ɓoye yake: me ya sa ake jiƙa rogo kafin a ci, me ya sa ake barin ƙullu ya kwana, me ya sa ba a kusanta tsinke da harshen wuta. Wanda ya ce sai ya fahimci dalilin kowane mataki kafin ya bi, zai sha wuya kafin ya koyi komai. Kwafe duka, a tace daga baya, ita ce hanyar da ta riƙe sana'o'i tsawon ƙarnuka, kuma kuɗin da ake biya a kanta shi ne lokaci-lokaci a gaji gwiwar hannun da ba ta da dalili.

Abin da ido bai isa ya ɗauko ba

A nan ne tushen matsalar yake. Ido yana bin abin da yake motsi, kuma a yankan agashe wuƙa ce take motsi, saboda haka ita yaron ya yi shekaru yana kallo. Amma ba hannun dama ne yake yanke hukuncin kauri ba, hannun hagu ne, wanda a ido yake kwance shiru. Ta cikin naman tafin yake jin tafiyar wuƙar, idan ta matso sama ya sassauta, idan ta nutse ya ƙara danna, idan ta ci karo da jijiya ya ja naman kaɗan ya miƙar da shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mai zaune a gefe zai gani. A fatar tafin hannu da yatsu akwai jijiyoyin jin taɓi kusan 17,000, kuma binciken Roland Johansson da abokan aikinsa ya nuna cewa idan abu ya fara zamewa daga yatsu, riƙo yakan ƙaru cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, tun kafin mutum ya san abin da ya faru. Irin wannan gyara ba ya bi ta tunani, balle ya zama magana, shi ya sa da yaron ya tambayi kawun yadda yake sanin kauri, amsar da ya samu ita ce: "Hannunka ne zai gaya maka." Amsa ce ta gaskiya, sai dai ba ta koyar da komai.

Yadda hannu yake kaiwa ga gaya wa mutum kuwa sananne ne. Duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta aika umarni ga tsoka, takan yi hasashen abin da jiki zai ji a sakamakon umarnin, sannan ta kwatanta hasashen da abin da ya auku. Bambancin da ke tsakani shi ne kuskure, kuma ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke can wajen ƙeya tana amfani da shi ta gyara umarni na gaba. Wanda bai aika umarni ba, bai ji turjiyar nama a wuƙa ba, ba shi da kuskuren kansa da zai gyara. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma idon yaron ya san ƙimar, domin yana ganin salar da ya yanka ya san ba ta yi ba. Abin da babu shi ne hanyar da za ta kai wannan sani ga tsoka.

Sai dai ba daidai ba ne a ce kallo ba ya koyar da ƙarfi sam. A 2005 Andrew Mattar da Paul Gribble a Kanada sun yi amfani da wata na'ura mai hannu wadda take ture hannun mutum gefe idan yana ƙoƙarin kai shi ga wani wuri. Waɗanda suka fara kallon bidiyon wani yana fama da na'urar, yana kaucewa yana gyarawa, sun fi saurin sabawa da ita, waɗanda aka nuna wa mai fama da turi ta ɗaya gefen kuma sun fi kowa shan wuya. Da aka shagaltar da masu kallo da lissafi amfanin bai gushe ba, amma da aka sa su motsa hannuwansu da wani abu dabam yayin kallon sai ya ragu. Darussa biyu ne a nan da suka shafi yaron kai tsaye. Na ɗaya, abin da yake bayyana ƙarfin da ba a gani shi ne kuskuren wanda ake kallo, kawun kuwa ya daɗe da daina kuskure, hannunsa ya yi santsin da ya ɓoye wahalar aikin. Na biyu, yawancin kallon da yaron ya yi, ya yi shi ne hannunsa na kan mafici ko cikin ruwan wanke-wanke.

Akwai kuma batun mazauni. Tun a Wad Madani wurin yaron yana gaban teburin yanka ne, suna fuskantar juna da kawun, saboda haka damar kawun tana ɓangaren hagunsa, wuƙar da take tafiya nesa da mai yanka kuma shi tahowa take yi wajensa. Duk abin da ya gani sai ƙwaƙwalwarsa ta juya shi kafin ya dace da jikinsa. Wani bincike na 2011 a kan birai ya nuna cewa mafi yawan ƙwayoyin madubi suna da kusurwar da suka fi amsawa, wasu idan an ga aikin daga gaba, wasu daga gefe, wasu kamar hannun mai kallon ne, kuma gwaji a kan mutane ya nuna kwaikwayo ya fi sauri idan an ga motsin ta fuskar mai yin sa.

Yadda aka shawo kan abin

Ba wani masani ne ya shiga tsakani ba, tsadar nama ce ta tilasta wa kawun canja hanya. Ya daina ba yaron tsoka mai kyau, ya koma tara masa guntaye da gefe-gefen da dama a tukunyar gida za su ƙare, ya ce ya yi ta yanka da hantsi kafin kasuwa ta buɗe. Saboda ƙuncin sabuwar rumfar, teburin ya koma jikin bango, dole yaron ya tsaya a kafaɗar kawun ta dama, yana ganin katakon kamar yadda mai yanka yake ganinsa. Wata rana kuma da haƙurin kawun ya ƙare, sai ya kama hannun hagun yaron ya shimfiɗa shi a kan curi, ya ɗora nasa a sama, ya ja wuƙar da kansa. Yaron ya ce a ranar ya fara jin wuƙa tana wucewa a ƙarƙashin tafinsa, kuma a ranar ya gane cewa hannun da yake zaton yana riƙe nama ne kawai shi ne mai aikin.

Abu na ƙarshe shi ne shigowar ɗan maƙwabta, sa'ansa, wanda shi ma yake neman abin yi. Wuƙa mai kyau ɗaya ce, sai suka riƙa karɓa-karɓa, wannan ya yanka wancan na kallo. Ga alama an rage wa kowannensu rabin lokacin aiki, amma masu nazarin koyon motsi sun daɗe da lura cewa mutum biyu masu musayar yi da kallo sukan kai inda mai yi shi kaɗai ya kai, kuma haɗa kallon gwani da kallon ɗan koyo ya fi kallon ɗayansu kawai. A hannun abokinsa yaron ya ga yadda wuƙa take nutsewa idan aka ɗaga gwiwa, abin da bai taɓa gani a hannun kawun ba, kuma daga nan ya sauke tasa.

Bayan 'yan makonni sai ya fara faɗin wani abu da ya ba kawun dariya, wai kawun ya canja salon yankansa. Bai canja komai ba. Yaron ne ya fara ganin ɗan jan da yatsun hagu suke yi kafin jijiya, da yadda wuyan hannu yake kwantawa idan an zo bakin curi, abubuwan da aka yi ta yi a gabansa tun yana ƙarami. Beatriz Calvo-Merino da abokan aikinta a Landan sun nuna irin wannan a 2005, da suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar gwanayen rawar bale da na wasan kafuwera na Barazil suna kallon salon juna: sassan shirya motsi sun fi aiki idan mutum yana kallon salon da jikinsa ya iya. A shekarar da ta biyo sun gwada maza da matan bale, waɗanda kullum suke ganin motsin juna a wurin atisaye amma kowane jinsi yana da wasu motsin nasa, sakamakon ya nuna yi ne yake kawo bambancin, ba yawan gani ba. A 2008 Salvatore Aglioti a Italiya ya nuna wa 'yan ƙwallon kwando da masu horarwa da 'yan jaridar wasanni bidiyon jifa da ake tsayarwa a tsakiya; 'yan wasan kaɗai ne suka iya faɗin ko ƙwallo za ta shiga tun kafin ta bar hannu, sauran sai sun ga tafiyarta a iska.

Wannan ya kai mu ga wata taƙaddama da ta dace a ambata, domin an yi wa ƙwayoyin madubi kirari fiye da ƙima. A shekara ta 2000 Vilayanur Ramachandran ya yi hasashen cewa za su yi wa ilimin halayyar ɗan Adam abin da gano DNA, wato sinadarin gadon halitta, ya yi wa ilimin halittu, aka riƙa jingina musu harshe da tausayi da al'ada. Masu suka irin su Gregory Hickok sun tuna wa mutane cewa birin makak da aka gano su a kansa ba gwanin kwaikwayo ba ne. Cecilia Heyes kuma ta kawo hujjar cewa ba a haifi mutum da madubin a shirye ba, yana ginuwa ne daga yawan haɗuwar yi da gani. A gwajin da suka yi da Caroline Catmur a 2007, an horar da mutane su motsa ƙaramin yatsa idan sun ga an motsa manuni, su motsa manuni idan sun ga ƙaramin yatsa, kuma bayan ɗan gajeren horo amsar tsokokinsu yayin kallo ta juye. Hatta tsohon zancen cewa jariri sabon haihuwa yana kwaikwayon fitar da harshe, wanda ya samo asali daga binciken Andrew Meltzoff da Keith Moore na 1977, ya gamu da ƙalubale a 2016, lokacin da aka bi jarirai 106 a Ostareliya ba a sami shaidar kwaikwayon ba. Lamarin Gadarif ya fi dacewa da fahimtar Heyes, domin idon yaron bai buɗe ga hannun hagu ba sai bayan da nasa hannun ya ɗanɗana aikin.

Yanzu shi ne yake yanka mafi yawan naman rumfar, kawun yana karɓar wuƙa ne kawai idan an kawo cinya mai jijiya da yawa ko kaza, wadda ƙashinta yake buƙatar wani salon. Gwiwar hannu ta sauka, ƙaramin yatsa ya koma jikin ƙota, amma ƙwanƙwasa wuƙa sau biyu tana nan, kuma ɗan maƙwabtan ya riga ya ɗauke ta daga wurinsa. Gashi ne ba a sakar masa ba tukuna. Sanin lokacin juya tsinke ya dogara da zafin da bayan hannu yake ji da ƙamshin ƙuli idan ya fara soyuwa, kuma kawun ya ware masa tsinke biyu-uku a gefen tukubar da iska ba ta bugawa, yaron yana juya su da kansa, wanda ya ƙone a cire shi daga kuɗin shayinsa.